Harbi ko Noman Tattasai: Wane Irin Gem Ya Dace Matasan Diffa Su Ƙera?

Mun daɗe, mu iyaye da malamai, muna kuka da gem. Yaro ya dawo daga makaranta, ya jefar da jaka, ya ɗauki salula, sai ƙarar bindiga ta cika ɗaki. Ba wannan kukan na zo maimaitawa ba. Abin da ya sa na yi wannan rubutu shi ne, cikin yaran da suka tashi da buga gem, yanzu akwai masu son su ƙera nasu. Kayan aikin sun yi sauƙi. Manhajar ƙera gem irin Godot kyauta ake sauke ta, darussa kuma sun cika YouTube. Matasa uku ko huɗu masu kwamfuta ɗaya, a garin da yake da jami'a tun 2014 kamar Diffa, za su iya haɗa kai su ce sun kafa ɗan kamfani.

Ranar da suka yi haka, tambayar farko da za ta tare su ita ce: wane iri za mu yi? Tambayar ta shafe mu, domin kuɗin kwamfutar daga aljihunmu zai fito, shekarun da za a kashe na 'ya'yanmu ne, kuma abin da aka ƙera ƙannensu ne za su fara bugawa. Ra'ayina shi ne, ɗan ƙaramin kamfani a kwarin Komadugu ya bar gem ɗin harbi, ya kama gem ɗin tattali, wato wanda mai wasa ke yanke shawara a kan ruwa da iri da bashi da kasuwa. Hujjojina daga tarihi na ɗebo su, na gem ɗin kansa da na kwarin.

Me ake nufi da "iri"?

Irin gem shi ne aikin da hannun mai wasa ke maimaitawa. A na harbi, ka hango, ka saita, ka harba. A na tsere, ka kauce, ka ƙara wuta. A na wasa ƙwaƙwalwa, kamar Tetris da aka ƙirƙira a Mosko a 1984, ka jera abubuwa su dace da juna. A na jarumta, ka shiga rigar wani gwarzo ka bi dogon labari, kana yaƙi kana ƙara ƙarfi. A na tattali kuwa, a ba ka ɗan abin hannu, a sa ka cikin wani hali, ka san yadda za ka kai ƙarshen shekara.

Kowane malami ya san yaro ya fi riƙe abin da ya yi da hannunsa a kan abin da aka faɗa masa. Saboda haka ko da an lulluɓe gem da hotunan rawani da raƙuma, in aikin hannun harbi ne, harbi yaron ya koya. Wannan ya sa zaɓen iri ya fi zaɓen labari nauyi.

Malamai uku da na'urar da ba ta da fuska

A ƙarshen 1971, a birnin Minneapolis na Amurka, wani ɗalibin koyon malanta mai suna Don Rawitsch ya sami aikin koya wa 'yan aji takwas tarihin mutanen da suka yi ƙaura zuwa yammacin ƙasar a kekunan shanu a shekarun 1840. Da farko taswira ya shimfiɗa a ƙasa yana shirya wasan kati. Abokan zamansa biyu, Bill Heinemann da Paul Dillenberger, masu koyon koyar da lissafi, suka ce a mai da shi na kwamfuta. Cikin kusan mako biyu suka gama. Na'urar da makarantar ke da ita ba ta da fuskar kallo, a takarda take buga rubutu. Ranar 3 ga Disamba, 1971, yara suka fara buga The Oregon Trail.

Ga yadda wasan yake. An ba ka kuɗi ƙayyadaddu. Nawa za ka kashe a shanu, nawa a abinci, nawa a tufafi? Tafiyar ta fi kilomita 3,000. In ka rage cin abinci don guzuri ya kai, cuta ta kama mutanenka. In ka tsaya farauta, kwanaki su tafi, sanyi ya riske ka a kan duwatsu. Akwai harbi a ciki, amma ɗan ƙaramin sashe ne na wasan. Daga baya hukumar ilimin kwamfuta ta jihar Minnesota ta ɗauki wasan ta yaɗa shi a makarantu, aka yi ta sabunta shi, har abin da aka sayar ya haura kwafi miliyan 65.

Abin lura shi ne, malaman nan ba su da mai zane, ba su da kuɗi, ba su da lokaci. Sun zaɓi irin da ƙarfinsa ke cikin shawara, shi ya sa rashin hoto bai kashe shi ba. Sai dai wasan yana da tabo. An daɗe ana sukarsa da cewa ya ba da labarin daga idon baƙi masu ƙaura kaɗai, 'yan asalin ƙasar kuma suka zama kamar itatuwan bakin hanya. Sai a fitowar 2021 aka nemi shawarar masana tarihi daga cikinsu. Zan dawo kan wannan in mun iso gida.

Abin da ya faru a Afirka

Ƙananan kamfanonin gem na nahiyarmu sun bi hanyoyi biyu. Leti Arts, wanda Eyram Tawia na Ghana da Wesley Kirinya na Kenya suka kafa a 2009, da Maliyo Games, wanda Hugo Obi ya kafa a Legas a 2012, sun kama ƙananan wasanni. Na Maliyo na farko-farko sun haɗa da na kashe sauro da na tuƙa acaɓa cikin cunkoso. Wasanni ne da ake gamawa cikin watanni, a ga abin da mutane suka so, a gyara a na gaba.

Hanya ta biyu ita ce ta Kiro'o Games a Yawunde, ƙasar Kamaru. Olivier Madiba ya fara mafarkin babban gem ɗin jarumta tun 2003. An kafa kamfanin a 2013, aka tara ma'aikata kusan 20, aka yi ta fama da ɗaukewar wuta da neman masu zuba jari. Aurion bai fito ba sai a watan Afrilun 2016, kuma na kwamfuta ne, ana sayensa ta intanet. Ya sha yabo a jaridun duniya, ya ɗaga sunan Kamaru. Amma yawancin matasan ƙasar salula suke da ita, ba kwamfutar buga gem ba. Da kamfanin ya juyo kan salula, ɗaya daga cikin abin da ya fitar shi ne Le Responsable Mboa, wasan barkwanci na kwaikwayon rayuwar ma'aikacin gwamnati. Wato bayan shekara goma sha uku na bin babban buri, sun dawo kan rayuwar da ke ƙofar gidansu.

Mu ma a Nijar an taɓa. A 2016 wani ɗan kamfani a Yamai mai suna MOG Media Design ya fitar da Les Héros du Sahel, wanda kafofin labarai suka kira gem na farko ɗan ƙasa, mai jarumin da ke samun ƙarfinsa daga rana. Ya nuna abin mai yiwuwa ne a nan. Tambayar da ta rage wa na baya ita ce wace hanya ce za ta ɗore ga mutum huɗu da ke nesa da Yamai da fiye da kilomita 1,300.

Me ya sa ba harbi ba?

Na san abin da zuciyar matashi za ta fara raya masa. Free Fire da PUBG su ne a kowace salula, to me zai hana mu yi namu, da sojojinmu da dajinmu? Dalili na farko na aljihu ne. Waɗannan wasanni suna haɗa mutum 50 ko 100 a fage guda a lokaci guda. Hakan na buƙatar manyan kwamfutoci masu aiki dare da rana, da intanet mai ƙarfi, da ɗaruruwan ma'aikata masu zuba sababbin kaya kowane wata. Kuma kyauta ake sauke su. Wanda ya yi ƙaramin kwaikwayonsu yana roƙon yaro ne ya bar na asali, mai kyau, na kyauta, ya dawo kan nasa. Hausawa sun ce da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Dalili na biyu ya fi wannan nauyi. Ranar 6 ga Fabrairu, 2015, Boko Haram ta kai hari Bosso da Diffa. Aka kafa dokar ta-ɓaci. A watan Mayun shekarar aka kwashe dubban mutane daga tsibiran tafkin Chadi. A watan Yunin 2016 aka sake afka wa Bosso, mutane suka watse. Duk wanda ya bi babbar hanya mai lamba ɗaya a waɗancan shekaru ya ga bukkokin 'yan gudun hijira jere a bakin kwalta. Makarantu fiye da ɗari aka rufe. Yaron da ke aji ɗaya a lokacin, yau saurayi ne, kuma shi ne ake so ya sayi gem ɗin. A wurin yaron Turai ƙarar bindiga a salula wasa ce. A ajin malamin Gueskerou ko na sansanin Sayam Forage akwai yaran da suka san ƙarar ta gaske, suka san wanda ta ɗauke. Kuma gem ɗin harbi dole sai da abokin gaba. Wace fuska za a ba shi, wane tufafi, wane harshe? A yankin da ake ƙoƙarin maido da tubabbu cikin al'umma, wannan ba ƙaramar tambaya ba ce.

Wannan ba ya nufin a ɓoye yaƙin. Akwai waɗanda suka nuna yadda ake ba da labarinsa ba tare da miƙa wa yaro bindiga ba. Lual Mayen ɗan Sudan ta Kudu ne da ya tashi a sansanin 'yan gudun hijira a arewacin Yuganda. Mahaifiyarsa ta shekara uku tana tari daga ɗinki kafin ta saya masa kwamfutar dala 300, yana tafiyar sa'o'i a ƙasa don ya yi mata caji. Da ya ƙera gem ɗinsa na farko ya sa masa suna Salaam, aikin mai wasa kuma shi ne kare mutane. A 2018 aka karrama shi a babban bikin gem na duniya da ake yi a Amurka. Haka nan This War of Mine, da wani kamfanin Poland ya fitar a 2014 bisa abin da ya faru a ƙawanyar Sarajevo, farar hula kake riƙe da su, kana neman musu abinci da magani. A 2020 gwamnatin Poland ta sa shi cikin jerin abin da manyan ɗaliban sakandare za su iya nazari. In ka duba da kyau, shi ma gem ɗin tattali ne.

Kwarin da kansa wasa ne

Yanzu mu dubi abin da ke hannu. Ruwan Komadugu Yobe daga nesa yake zuwa, daga kogunan Haɗeja da Jama'are a Najeriya, ya zo ya zama iyakar ƙasashen biyu na kusan kilomita 150 kafin ya faɗa tafkin Chadi kusa da Bosso. Ba ya gudu duk shekara. Yakan iso da damina, ya cika bayan an daina ruwan sama, ya janye da rani. Tun da aka gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, abin da ake yi da ƙofofin ruwa a jihar Kano yana shafar gonar mutumin Diffa. Wata shekara ruwan ya yi kaɗan. Wata shekara, kamar 2019, ya yi ambaliya ya cinye gonaki da gidaje.

A bakin wannan kogi aka yi babban tarihi. Wajajen 1470 Mai Ali Gaji ya kafa Birnin Ngazargamu kusa da shi, a ɓangaren da yau yake jihar Yobe, birnin ya zama hedikwatar Borno fiye da shekara 300, har faɗuwarsa a 1808. Daga nan ayari ke tashi zuwa Kawar da Fezzan da Tarabulus. Gishirin mangul da kanwar ƙasar Manga sun shiga kasuwannin ƙasar Hausa tun kafin zuwan Turawa. Ku dubi Mai Idris Alauma na ƙarshen ƙarni na 16, wanda limaminsa Ahmad bin Furtu ya rubuta labarinsa. An san shi da kawo bindigogi da masu koyar da harbi daga Turkawa. Amma an kuma san shi da gyara jiragen tsallaka kogi, da daidaita mudun awon hatsi, da gina masallatai da jan bulo. Sarki ɗaya ne, amma gem biyu za a iya cirowa daga rayuwarsa. Na farkon duniya ta cika da irinsa. Na biyun, na mai kula da mashigi da mudu da ayari, sai wanda ya san wurin.

Ko mu bar sarakuna, mu ɗauki manomin tattasai, amfanin da ake yi wa kirari da jan zinariyar Diffa. Kakanninsa da jigo suka yi ban ruwa, shi da injin yake yi, injin kuma sai da fetur. Zai yi reno, ya dasa, ya sa taki, ya yi feshi, ya tsinka sau da yawa, ya shanya, ya ɗura a buhu. Sau da yawa fetur da takin bashi ne daga ɗan kasuwa, a biya da buhu in an tsinka. Babbar kasuwarsa tana Najeriya, don haka faɗuwar naira a kan sefa tana iya cinye ribar shekara. Ga tsutsa, ga ambaliya, ga shanun makiyayi da ke neman hanyar zuwa ruwa. Sannan ga 2015, lokacin da aka hana hawa babur, aka taƙaita sayar da fetur da takin zamani, aka dakatar da cinikin tattasai da kifi don toshe wa mahara hanyar samun kuɗi. Sai a 2017 aka sake buɗe cinikin tattasan, na kifi kuma a 2019.

To a mai da wannan wasa. An ba ka fili a bakin kogi, da iyali, da jika ɗari. Za ka dasa kusa da ruwa, inda fetur kaɗan zai ishe ka amma ambaliya na iya ɗauke komai, ko can sama? Duka tattasai za ka yi, ko za ka bar wani gefe na shinkafa da albasa? Za ka sayar da ɗanyen farashi don ka biya bashi, ko ka ajiye buhunan? Kuɗin makarantar 'yarka ya zo daidai da lalacewar inji, wanne za ka fara? Yaron da ya buga wannan sau goma ya yi lissafin kashi cikin ɗari, ya san inda Tiga take a taswira, ya kuma gane abin da ke hana mahaifinsa barci. Irin wannan wasa ba ya buƙatar intanet bayan an sauke shi, ba ya cin wuri, ƙaramar salula za ta ɗauka, ana iya tura shi daga waya zuwa waya. Zane kaɗan ya isa.

A nan ne tabon The Oregon Trail zai yi mana amfani. Kwarin na Mobar ne da Manga da sauran Barebari, na Fulani makiyaya ne, na Buduma masunta masu shanun kuri, na Tubawa da Larabawa da Hausawa 'yan kasuwa. In aka yi wasan daga idon manomi kaɗai, makiyayi zai zama annoba kamar tsutsa. Gyaran shi ne a bar mai wasa ya zaɓi rigar da zai shiga, ya buga shekarar a matsayin manomi, ya sake buga ta a matsayin mai garke, ya ga yadda mashaya ɗaya take a idon kowannensu. Kuma a sa murya da Kanuri da Hausa da Fulatanci, don wanda bai iya karatu ba ya shiga. Mutanen Inupiat na Alaska sun yi haka a 2014 da gem ɗinsu Never Alone, inda dattawa da masu tatsuniya kusan 40 suka sa baki, aka kuma ba da labarin da harshensu.

Wa zai buga wasan noma?

Wani zai ce yaron da ya gaji da gona ba zai koma gona a salula ba. Maganar tana da ƙamshin gaskiya, domin wasannin da ake ƙerawa don koyarwa da yawa darasi ne aka sa wa hula, yara kuma suna ganewa nan take. Amma laifin na ƙira ne, ba na iri ba. Stardew Valley wasan noma ne da mutum ɗaya, Eric Barone, ya shafe shekara huɗu da rabi yana ƙerawa shi kaɗai. Ya fito a 2016, ya sayar da fiye da kwafi miliyan 30. Mu ma shaida ne a kan dara: rami 30 a ƙasa, tsinke goma sha biyu-biyu, amma dattawa su wuni a kai, domin kowane motsi yana da sakamako kuma abokin karawa na iya ba ka kunya. Abin da ke riƙe mai wasa ke nan, ya ji cewa da ya yi dabara kaza da ya ci, bari ya sake.

Batun kuɗi kuwa, ba zan yi wa kowa romon baka ba. Yawancin ƙananan gem a duniya ba sa maida kuɗin da aka kashe musu, kuma mutanenmu ba su saba sayen manhaja ba. Wannan ma hujja ce ta a fara da ƙarami. Aikin wata shida in ya faɗi, an koyi sana'a. Aikin shekara biyar in ya faɗi, ya tafi da ƙuruciya da jarin iyaye. Kuma gem ɗin tattali yana da masu saye da na harbi ba zai taɓa samu ba: makarantu, da ƙungiyoyin manoma, da masu aikin ilimi da sulhu a yankin.

Namu aikin

In ɗanka ko ɗalibarki ta zo da wannan buri, kada a kore ta da cewa wasan banza ne, kada kuma a sayar da akuya a sayi kwamfuta ranar. A fara da tambaya uku. Me hannun mai wasa zai riƙa yi? A wace salula zai yi aiki, ta ɗan mai kuɗi ko ta gidanmu? Wata nawa kafin wani ya buga shi?

Sannan a sa su yi abin da Rawitsch ya fara yi, su gwada wasan ba tare da kwamfuta ba. A zana kogin a allo ko a ƙasa, a yi kuɗi da tsakuwa, a rubuta ambaliya da tsutsa da faɗuwar naira a guntayen takarda a riƙa ja. Malamin lissafi ya duba alƙaluman, na tarihi ya duba shekarun, a gayyato manomi da makiyayi da mai sayen buhu su zauna su buga, su faɗi inda aka yi ƙarya. In 'yan aji suka nemi a sake bayan an tashi, to a kunna kwamfuta. In suka yi hamma, an yi asarar alli ne kawai, sai a gyara dokokin wasan a sake gwadawa mako mai zuwa.